Gina Jiki ko Tara Jiki? Kalmomin Lafiya a Bakin Bahaushe da Nauyin da ke Kan Manazarta

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya yi 'yan shekaru a birni, ya dawo gida da tumbi, wuya ya yi kauri, yabon da zai fara ji daga dangi shi ne, "Kai, wane ya yi jiki, lallai wurin ya karɓe shi." Idan kuwa likita ya umarce shi da ya rage nauyi, ya daure ya bi umarnin, tambayar da za ta tare shi tun daga zaure ita ce, "Lafiya kuwa? Me ya same ka ka rame haka?" A karo na farko an taya shi murna a kan abin da ka iya jawo masa hawan jini da ciwon suga. A karo na biyu an jajanta masa a kan abin da ka iya tsawaita kwanansa cikin ƙoshin lafiya. Babu mugun nufi a bakin masu maganar. Harshe ne ya tanadar musu da waɗannan kalmomi a zamanin da yunwa ce babbar abokiyar gaba, kuma har yanzu ba a zauna an sake auna su ba.

Ra'ayin da wannan muƙala ke ɗauke da shi shi ne, ilimin abinci da motsa jiki da kula da kai ba zai zauna a gidan Bahaushe ba matuƙar ana ci gaba da kwararo masa shi cikin kalmomin da ba a bincika yadda yake fahimtarsu ba. Wannan bincike kuwa aikin masana harshe da al'ada ne, amma sassan nazarin Hausa sun bar shi a hannun masu fassarar gaggawa da masu tallar magani a bakin kasuwa.

Lamarin ba na ado ba ne. Binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma nuna kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Wato tamowa da ƙiba suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, kuma da harshe ɗaya ake yi musu nasiha.

2.0 Lafiya da kiwonta

Kalmar "lafiya" ta shigo Hausa daga Larabci tare da harafin fayyacewa a manne da ita, kamar yadda "labari" da "lokaci" da "littafi" suka shigo. Amma da ta zauna sai ta yi faɗin da ya wuce na jiki. Ana kwana lafiya, a sauka lafiya, a rabu lafiya. Gari yana zaman lafiya, tuwo yana zama lafiyayye, kuma idan mutum ya yi abin da hankali bai ɗauka ba sai a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya kuma wallafa littafinsa kan magungunan Hausawa a 1988, ya lura cewa lafiya a wurin Bahaushe daidaito ce, wato kowane abu ya kasance a mazauninsa, a jiki da zuciya da zamantakewa.

Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya bayyana lafiya da cikar walwalar jiki da hankali da zamantakewa, ya kuma ce rashin cuta kaɗai bai isa a kira shi lafiya ba. Wanda ya san gaisuwar Hausa ba zai ji wannan bayani baƙo ba, domin mai gaisuwa yana bi ta kan kwana da gajiya da aiki da iyali da gida kafin ya gamsu cewa lafiya lau ake.

Akwai kuma wata kalma da ta fi wannan amfani, wato "kiwon lafiya". Kiwo aiki ne na kullum. Makiyayi ba ya jiran saniya ta faɗi kafin ya dube ta. Yana zaɓar mata makiyaya, ya kai ta mashaya, ya ba ta kanwa, ya lura da tafiyarta da tuƙarta. Duk abin da littattafan zamani ke nufi da kula da kai yau da gobe yana cikin wannan hoto. Sai dai a amfanin yau an ƙuntata kalmar, ta zama sunan ma'aikata da asibiti da ma'aikatansa. Idan aka ce "harkar kiwon lafiya" sai tunani ya tafi kan gwamnati, idan aka ce mutum ya tafi "neman lafiya" an san ya riga ya kwanta. Ta haka aka cire mai jiki daga kiwon jikinsa. Aikin farko da ke gaban mai wayar da kai shi ne mayar wa kalmar da makiyayinta.

Ya kamata a tuna kuma kiwo iri biyu ne. Akwai na dabbar da ke fita ta yi tafiya ta ci ciyawa iri-iri, akwai kuma turka, inda ake ɗaure rago wuri ɗaya a yi ta tura masa dusa da ƙaiƙayi don ya yi kitse kafin layya. Rayuwar ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci da matar da inji da famfo suka ɗauke mata daka da jan ruwa ta fi kama da turka. Bahaushe ya san ƙarshen ragon turka, kuma wannan kwatance kaɗai zai isar da saƙon da dogon jawabi bai isar ba.

3.0 Rikicin "gina jiki"

Babu kalmar da ta fi yawo a shirye-shiryen rediyo da takardun asibiti kamar "abinci mai gina jiki", kuma babu wadda ta fi ta ɗaukar kaya biyu. A littattafan firamare ana kasa abinci gida uku: mai ba da kuzari, kamar hatsi da rogo da mai, mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai da nono, da mai kare jiki daga cututtuka, kamar ganyaye da 'ya'yan itatuwa. A nan "mai gina jiki" yana nufin abinci mai furotin kawai. Amma a labaran yau da kullum ana amfani da wannan kalma ɗin don nufin ingantaccen abinci gaba ɗaya, har a ce yara na fama da "ƙarancin abinci mai gina jiki". Kalma ɗaya ta zama sunan gida, ta kuma zama sunan ɗaki guda a cikin gidan.

Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar tana wurin mai sauraro. A Hausar yau da kullum "jiki" yana nufin tsoka da cika: wane ya yi jiki, wance tana da jiki, yaro ya mayar da jikinsa bayan jinya. Saboda haka uwar da aka ce ta ba ɗanta abinci mai gina jiki tana iya fahimtar abin da zai sa ya yi ɓul-ɓul, magidanci kuma ya ɗauka nama da maiƙo da madarar gwangwani ake nufi, wato abincin masu hali. Daga nan sai talaka ya yanke ƙauna, ya ce wannan nasiha ba tasa ba ce. Ana iya ganin gidan da ke sayar da wake da gyaɗa da ƙwan zabi ranar kasuwa, ya sayo taliya da lemon kwalba, yana ganin ya ci gaba.

Alhali kuwa tukunyar gargajiya ta riga ta warware abubuwa da yawa da kimiyya ta zo ta yi wa bayani daga baya. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi a wadace, na wake kuma yana da ƙarancin abin da hatsi ke da shi, don haka haɗa su a ɗanwake ko dafa-duka ko ƙosai da koko yana ba da furotin mai inganci ko babu nama. Fura da nono haɗi ne na hatsi da furotin ɗin dabba. Daddawa furotin ce kafin ta zama kayan ƙamshi. Gero da dawa sun fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da harza, jiƙa hatsi da tsima shi kamar yadda ake yi wa gasara yana rage abin da ke hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, tsamin garin kuka mai bitamin C yana taimaka wa tsotsarsa, shan shayi a kan abinci kuwa yana rage shi. Zogale da rama da tafasa da yaɗiya da ganyen kuka su ne ainihin abinci mai kare jiki. A 1982 Nina Etkin da Paul Ross suka wallafa bincikensu a wani ƙauye na ƙasar Kano, inda suka nuna da yawa daga cikin tsirran da Bahaushe ke sha a matsayin magani yana kuma cin su a matsayin abinci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, a daidai lokacin da 'ya'yan manoman gero ke jin kunyar a gan su da tuwonsa.

Abin da harshe ya yi wa waɗannan abinci ya cancanci nazari na musamman. Kwaɗon rama da tafasa sun zama alamar fatara, "cimar ƙauye" ta zama zagi, shinkafa ta zama abincin biki sannan ta zama ta kullum. Sauyin ɗanɗano yakan biyo bayan sauyin daraja, daraja kuwa a cikin kalmomi take kwana.

4.0 Zaƙi, maiƙo, gishiri da jini

Bahaushe bai rasa tunani kan illar abinci ba. Ya daɗe yana zargin zaƙi da maiƙo da haddasa basir da shawara da kasala, yana kuma shan ɗaci da tsami don ya "kashe" su. Ko da bayanin bai yi daidai da na likitancin zamani ba, ƙofa ce a buɗe da mai wayar da kai zai iya shiga ta cikinta. Abin takaici shi ne sunayen da aka raɗa wa cututtukan zamani sun zo da nasu ruɗanin.

"Ciwon suga" ya sa mutane da yawa suna ganin sukarin shayi ne kaɗai abokin gaba. Majinyaci zai daina sa sukari, ya koma zuma da dabino, ya kuma cika faranti da farar shinkafa ko burodi, bai san cewa sitaci yana narkewa ya zama sukari a cikin jini ba. Wani kuma an ce masa acca ko alkama ce abincin masu ciwon, sai ya ci malmala uku, alhali su ma sitaci ne, kuma yawan abin da aka ci yana da muhimmanci kamar irinsa.

"Hawan jini" kuwa ya haɗu da tsohuwar fahimta cewa ɓacin rai ke sa jini ya hau. Ana jin uwa tana cewa ɗanta zai sa mata hawan jini. Sakamakon haka sai a ɗauki ciwon a matsayin abin da ke zuwa ya tafi tare da damuwa, mutum ya sha magani kwana biyu, hankalinsa ya kwanta, ya ajiye. Gaskiyar lamarin ita ce ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama, awo ne kaɗai ke bayyana shi idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma gishiri da ƙiba da rashin motsi suna cikin manyan abubuwan da ke rura shi. Karin maganar nan ta "jiki magayi" gaskiya ce a wurare da yawa, amma a nan jiki yakan yi shiru har sai shanyewar ɓarin jiki ta yi magana a madadinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu daga abinci, wato kimanin giram 50 ga matsakaicin mutum, ya kuma ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Fassara waɗannan alƙaluma yadda suke ba ta da amfani ga matar da ba ta taɓa auna gishiri a sikeli ba. Giram 5 kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ne a shafe, kuma a cikinsa za a lissafa dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa da yajin tsire. Lemon kwalba mai kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100 yana cinye kason yini guda a robar rabin lita. Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya hana mai gida tarbar baƙo da su, tun da sun gaji matsayin da fura da ruwan randa suke da shi a al'adar karɓar baƙi. Wanda zai mayar da giram zuwa cokali da ludayi da gwangwani da malmala, ya kuma san abin da ake ba baƙo da dalilin ba shi, shi ne masanin harshe da al'ada.

5.0 Motsa jiki da girman kai

Kakannin Hausawan yau ba su buƙaci kalmar "motsa jiki" ba, domin rayuwarsu duk motsi ce. Namiji yana huɗa da noma da girbi da fatauci a ƙasa. Mace tana sussuka da surfe da daka da niƙa da jan guga. Yara suna langa da gaɗa a dandali, samari suna kokawa da dambe bayan kaka. A Nijar har yau kokawa ce babbar wasan ƙasa, kuma tun 1975 ake gasar neman takobi. Inji da babur da a-daidaita-sahu da waya sun ɗauke wahala mai yawa, kuma babu mai hankalin da zai so a mayar da mata bakin turmi don kawai su ƙona kitse. Amma abin da aka ɗauke ya bar gurbi, kuma ba a cike shi ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, yara da matasa kuma su samu minti 60 a kullum. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar a mako, matsakaicin motsi kuwa shi ne irin tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba. Babu kuɗi a ciki, babu na'ura. To me ya hana?

Amsar tana cikin al'ada. "Motsa jiki" a kunnen jama'a yana kawo hoton gajeren wando da ƙwallo da soja a filin fareti, wato abin yara da 'yan boko. Dattaku kuwa yana tafiya da natsuwa. Babban mutum ba ya sauri, ba ya ɗaukar kaya, ba ya zuwa inda zai iya aikawa. Idan attajiri ya taka da ƙafa zuwa kasuwa sai a fara raɗe-raɗin ko karayar arziki ta same shi. Matar aure da ta fita tafiya da sassafe ba tare da wata unguwa ba za ta sha tambaya. Kunya da girma, waɗanda ginshiƙai ne na tarbiyyar Bahaushe, sun zama shinge a nan, kuma ba a tsallake shinge da yi masa ba'a. Sai an nemo motsin da bai ci karo da mutunci ba: takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa, ziyarar zumunci a ƙasa, aikin lambu, gaɗa a makarantun 'yan mata, filin da mata za su keɓe. Sanin wanne ne zai karɓu a Zariya, wanne a Damagaram, wanne a zangon Kumasi, bincike ne na al'ada tsantsa.

Hausa kuma tana da arzikin kalmomin da za su bambance sassan ƙoshin jiki, waɗanda fassarar yau ke dunƙulewa wuri ɗaya. Ƙarfi daban, juriya daban, kuzari daban, zafin nama daban, ƙwari daban. Ɗan dako yana da ƙarfi, mai tafiyar fatauci yana da juriya, ɗan langa yana da zafin nama, tsohon da ya kai tamanin yana zuwa gona da ƙwarinsa yake. Wannan na ƙarshe shi ne burin da ya kamata a riƙa nuna wa jama'a, domin kowa yana son tsufa da ƙwari.

6.0 Ba duk gado ne abin riƙo ba

Mai kishin al'ada yana iya zamewa ya ɗauka duk abin da aka gada daidai ne. Ba haka ba ne. An daɗe ana matse dakashi a zubar da sunan ƙazanta, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Ana ɗura wa jinjiri ruwa da jiƙe-jiƙe tun kafin wata shida, kuma binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla. A wasu wurare ana hana yara ƙwai don kada su koyi sata. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A gidaje da yawa tsokar nama ta mai gida ce, yaro mai tasowa da mace mai ciki, waɗanda suka fi kowa buƙata, sai romo.

Amma ko a nan, gyara yana buƙatar sanin dalili. Wankan jego ya ginu ne kan tsoron "sanyi", kuma matuƙar ba a fahimci abin da sanyi ke nufi a tunanin ungozoma da kakar jariri ba, hani daga bakin ma'aikaciyar asibiti zai tsaya a ƙofar asibiti. Tarihin likitanci ya ba da darasi a kan haka. A shekarun 1930 likita Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ta saurari yadda mutanen Ga ke kiran wata cutar yara, sunan da ke nuni ga ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane. Sunan ya ɗauke ta zuwa ga dalilin cutar, wato yaye a kan abinci maras furotin, kuma da wannan suna na kwashiyoko duniya ta san cutar har yau. Hausa ma tana da irin wannan sani a cikin kalmomi kamar kwanika da "ya sha ciki" da tamowa. Akwai kuma darasi ta ɗaya ɓangaren. Sunan "ƙanjamau" ya ɗaure wata cuta da rama, ya ƙara wa jama'a tsoron duk wani mai siririn jiki, har kafofin watsa labarai suka koma cewa "cuta mai karya garkuwar jiki". Suna yana warkarwa, yana kuma raunatawa.

7.0 Aikin da ke jiran sassan Hausa

Za a iya cewa wannan fage na likitoci ne da masana abinci. Gaskiya ne su ke da ilimin, amma da Ingilishi ko Faransanci suka koye shi, kuma ba a horar da su kan nazarin ma'ana ba. Za a iya cewa kuma talauci ne tushen tamowa, kalma ba ta cika tukunya. Wannan ma gaskiya ne, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu ƙamus da zai maye gurbin tsaro a gona da sauƙin farashi. Sai dai ɗan abin da ke hannun talaka ma zaɓi ake yi a kansa, kuma attajirin da ciwon suga ya kai ga yanke masa ƙafa ba talauci ne ya kai shi ba.

A halin yanzu waɗanda suka fi kowa iya magana da jama'a kan jiki su ne masu lasifika a tasha da masu talla a TikTok da Facebook. Hausarsu tana da daɗi, sun san fargabar mai sauraro, kuma suna sayar da sha-ka-fashe ga budurwar da ke shirin aure da shayin rage tumbi ga wanda ya riga ya fashe. Daga cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai masu kumbura jiki su tayar da sukari da hawan jini su kuma raunana ƙashi. Wanda ya yi wa irin wannan ƙwaya suna da Hausa ya fi jami'a sanin ƙarfin suna.

Fagen ba sabo ba ne ga malaman ƙasar Hausa. Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce kan lafiyar jiki da magani a ƙarni na 19. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen abinci da tsirrai da cututtuka da yawansu sun fara ɓacewa daga bakin matasa. Aikin daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi da aka wallafa a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun nuna cewa idan masana suka haɗa kai suna iya tsayar da kalma ta zauna. Abin da ya rage shi ne a juyo da wannan ƙwarewa zuwa ga tukunya da jiki.

Abubuwa huɗu ne suka fi gaggawa. Na farko, a tattara kalmomin abinci da siffar jiki da motsi daga kare-karen Hausa, daga Sakkwato zuwa Haɗeja, daga Maraɗi zuwa Bauci, tare da ma'anar da masu su ke ba su. Na biyu, a raba "gina jiki" da nauyin da ya yi mata yawa, a tsayar da kalma ɗaya ga ingantaccen abinci gaba ɗaya, wata ga furotin, kuma kada a amince da kowace sabuwar kalma sai an gwada ta a tsakar gida da bakin kasuwa an ji abin da mai sauraro ya fahimta. Na uku, a samar da jadawalin awo da ma'aunan gida, cikin boko da ajami. Na huɗu, a buɗe ƙofar kundayen digiri na haɗin guiwa tsakanin sassan Hausa da tsangayoyin likitanci da aikin gona, a kuma nazarci yadda waƙoƙin baka da littattafan soyayya da finafinai ke zana jikin mai arziki da na kyakkyawar mace, domin a can ne matasa ke koyon abin da za su so su zama.

8.0 Kammalawa

An rubuta kundaye masu yawa kan karin magana da ke ambaton abinci, da kirarin 'yan dambe, da camfe-camfen haihuwa. Yawancinsu sun tsaya a kan tattarawa da rarrabewa, suka koma kan kanta. Lokaci ya yi da wannan taska za ta fito ta yi aiki a ɗakin awon ciki da ajin firamare da gidan rediyo. Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Amma ana iya saɓa mata cikin rashin sani, kuma mafi yawan wannan rashin sani a cikin kalmomi yake. Ranar da mutumin da ya rage tumbi zai shiga zaure a ce masa "sannu da ƙoƙari" maimakon "lafiya kuwa?", ranar ce za a san cewa nazarin Hausa ya taɓa jikin masu Hausa.